Yadda ake gwada jif mai shan dizal kafin a biya kuɗinta

Wanda zai sayi jif ta iyali mai shan dizal, man da direbobinmu ke kira gas, a Nijar kuma gazuwal, abu na farko da zai nema wurin dillali shi ne a bar motar ta kwana ba a tayar ba. Ka ce da sassafe za ka zo. Da ka iso, an gaisa, buɗe bonet ka ɗora bayan hannunka a kan injin da babban tiyon lagireto. In ka ji ɗumi, an riga ka, sai ka sa wata rana. Injin dizal ba shi da fulogi irin na fetur. Matsin iska ne a cikin silinda ke haifar da zafin da ke kunna man. Injin da ya gaji, matsinsa ya ragu, da sanyin safiya yake tona kansa, amma da zarar ya yi zafi sai ya riƙa tashi bugu ɗaya kamar sabo.

Toyota Prado za mu ɗauka misali, tunda sananniya ce daga Kano har Agadez. Akwai samfurin 120 da aka ƙera daga 2002 zuwa 2009, da samfurin 150 da ya biyo baya. A cikin masu dizal za ka tarar da tsohon inji 1KZ mai lita 3.0, da 1KD shi ma lita 3.0 wanda ake rubuta wa D-4D, sai 1GD mai lita 2.8 da ya shigo daga 2015. Ka san wanne ne a gabanka, domin kowanne da cutarsa. Kuma ka tafi da bakaniken da hannunsa ya saba da dizal. A Najeriya jif masu fetur sun fi yawa, ƙwarewa a kansu ba ta wadatar a nan.

Kafin a murɗa makulli, zaro ma'aunin baƙin mai. Baƙinsa kada ya tsorata ka, man injin dizal yakan yi baƙi ƙirin kwanaki kaɗan bayan juye. Abin gudu shi ne ya haura alamar cika, ya yi ruwa-ruwa yana warin gas, wato nozul, bakin da ke fesa gas cikin silinda, na zubar da mai cikin inji. Ko kuma ya koma kalar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga. Buɗe murfin lagireto tun injin na da sanyi. Ruwan ya kasance mai launi, ja ko ruwan hoda, ba ruwan rijiya mai tsatsa ba, kuma babu maiƙo a samansa. Cire filtar iska ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayanta. In ka kwaso ƙura, to ƙurar hunturu ta daɗe tana wucewa cikin turbo da silinda, tana cin su kamar sanfefa.

Yanzu murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ka tsaya. Ƙirga su: ta inji, ta baƙin mai, ta batir, ta birkin ABS, ta jakar iska, da wadda ta yi kama da naɗaɗɗiyar waya, ta hita mai ɗumama silinda kafin a tayar. Fitilar da ba ta kama ba sam ta fi wadda ta ƙi mutuwa ban tsoro, domin akwai masu cire ƙwan don su ɓoye laifi. Ta hita za ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, sannan ka tayar. Lafiyayyen inji yana kamawa cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, fitilar baƙin mai ta mutu nan take, ya zauna sulo wajen 700 zuwa 800 a allurar inji ba tare da jijjiga kujera ba. Kowane dizal yana da ƙararsa ta kar-kar-kar. Amma bugu mai kaifi, ƙwas-ƙwas kamar ana dukan ƙarfe da ƙaramar guduma, wanda ke raguwa yayin da injin ke ɗumama, a 1KD yawanci nozul ne suka tsufa, kuma canza su huɗu kuɗi ne mai nauyi.

Lokacin tayarwa ka sa mutum ya tsaya bayan mota yana kallon salansa. Ɗan farin hayaƙi da ya fita ya ɓace ba komai ba ne. Farin da ya ƙi yankewa, in yana yaji a ido, gas ne da bai ƙone ba, ko hita ko nozul ko raunin matsi. In kuma tururi ne mai kauri maras yaji, ruwa ne ke shiga silinda. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, ko daga ringi ko daga turbo. Baƙin hayaƙi kuwa gas ne ya fi iska yawa.

Injin na sulo, kwance murfin da ake zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ɗaurewa ba. In ya zauna yana ɗan rawa, lafiya lau. In iska na tunkuɗe shi, hayaƙi na fitowa fuf-fuf kamar tukunyar dambu, ringi ya tafi ko fistin ya tsage, kada ma ka ɓata man gwaji. A 1KZ kuma ka sake leƙa bakin lagireto a mintunan farko, tun ruwan bai yi zafi ba. Kumfa da ke tasowa ɗaya bayan ɗaya ba yankewa tana nuna gaskit ya ƙone ko kan silinda ya tsage, kuma wannan injin an san shi da haka in ya taɓa yin zafi fiye da kima. Mayar da murfin lagireton ka ɗaure. Daga nan kada a sake taɓa shi sai injin ya huce, ruwan yana iya watsowa ya sale fuska.

1KD yana da wata matsala da ido ba ya gani daga waje. Ƙarƙashin kowane nozul akwai ɗan zoben tagulla. In ya saki, hayaƙi na kutsawa cikin baƙin mai, ya daskare ya zama gawayi, ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta a ƙasan inji. Daga nan inji na iya ƙonewa ba gargaɗi. Tambayi yaushe aka canza zobban. In ciniki ya yi nisa, ka biya kuɗin juye, bakanike ya haska tocila ta ramin da man ke fita ya ga ko ramukan rariyar a buɗe suke. Wannan kuɗin juyen bai kai komai ba a kan kuɗin inji.

Sai tuƙi. Zagayen unguwa na minti biyar ba gwaji ba ne. Nemi minti 40 ko fiye, ka zuba man da kanka don kada a ce tanki ba kome. Ka ɗauki mutum huɗu ko biyar, tunda haka motar za ta yi rayuwarta, a kashe rediyo, a kunna na'urar sanyi har ƙarshe. In giyar mai canza kanta ce, taka birki ka kai ta D, ka dawo N, ka kai R. Ta shiga cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Jinkiri mai tsawo laifin giya ne, ƙarar ƙwal daga ƙasa kuma yawanci gaɓar farfela ce, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa ƙafafu, ta yi sako-sako. In mai kuloci ce, sa giya ta huɗu a gudun kilomita 50 ka take totur har ƙasa. Allurar inji ta tashi mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya ƙare.

Ƙarfin dizal daga ƙasa yake. 1KD yana ba da cikakken jansa tun wajen 1,600 a allurar inji, don haka ya kamata ka ji motar ta tura bayanka cikin kujera ba sai injin ya yi kururuwa ba. Nemi hawa mai tsawo ko miƙaƙƙiyar kwalta, ka take daga 60 zuwa 100, ido ɗaya a madubi. Ɗan baƙin hayaƙi a farkon taku ana iya yafe wa tsohon inji, amma wanda ya bi ku kamar na tirela ba a yafe shi. Siririn fito na turbo daidai ne. Kuka mai hawa da sauka irin na jiniya alama ce turbo na gab da mutuwa. In ƙarfi ya yanke farat ɗaya, motar ta ƙi wuce wani gudu, sai an kashe an sake tayarwa ta dawo, kwamfutar motar ce ta ga laifi ta rage wa injin ƙarfi. Allurar zafi kuma ta tsaya wajen tsakiya, kada ta motsa ko a hawa ko a cunkoso. Bayan gudun, ka tsaya minti 10 injin na aiki, sanyi a kunne, ka zuba mata ido. A nan mataccen fanka da toshasshen lagireto ke bayyana.

Saurari jikinka tsakanin 80 da 100. Rawa a sitiyari daga tayoyin gaba take, rawa a kujera daga na baya ko farfela. Gurnani da ke ƙaruwa da gudu, in ya sauya sa'ad da ka ɗan karkata hagu ko dama, boris ɗin ƙafa ne. In kuma sai ka saki totur ko ka taka yake sauyawa, daga difaransha yake. A inda babu kowa a bayanka, taka birki da ƙarfi daga 80. Mota mai nauyin sama da tan biyu dole ta tsaya a miƙe, ba fizga gefe, ba karkarwa a sitiyari.

Jan ƙafa huɗu shi ne abin da ka biya ƙarin kuɗi dominsa, kuma shi aka fi mantawa a gwada. Da yawa daga cikin motocin nan shekaru suke yi a birni ba a taɓa maɓallin ba, sai ɗan injin lantarkin da ke shigar da giyar ya maƙale. Fara da durƙusawa ka leƙa ƙasa ka ga farfela biyu, ɗaya ta nufi gaba ɗaya baya, domin akwai masu cire ta gaba in ta lalace. Duba tayoyi su zama girma ɗaya duka huɗun, misali 265/65 R17; bambancin girma yana wahalar da giyar tsakiya.

Sauka daga kwalta ka nemi burji ko fili mai yashi. Prado kullum da ƙafa huɗu take ja, abin da za ka gwada shi ne kullin tsakiya da ƙaramar giya. Danna maɓallin kulle tsakiya kana tafiya a hankali: fitilarsa za ta yi ƙyafta-ƙyafta sannan ta tsaya cak. In ta ci gaba da ƙyaftawa, bai shiga ba. In ya shiga, murɗa sitiyari sosai ka yi kwana, za ka ji motar na turjewa, tayoyi na kartar ƙasa. Hakan ake so. Sai ka tsaya cik, ka sa N, ka kai maɓallin ko sandar zuwa L4 ko L. Da ka sa D ka saki birki, motar za ta riƙa rarrafe da ƙarfi, injin na juyi da yawa gudu kaɗan. Yi gaba, yi baya, ka ji ko giyar za ta fice da kanta. Sannan ka mayar da komai yadda yake, ka tabbata fitilun sun mutu, ka maimaita sau biyu ko uku. Kada ka hau kwalta tsakiya a kulle: busasshiyar kwalta ba ta barin taya ta zame, ƙarfin sai ya taru a giya da farfela har wani abu ya karye.

Sauran motoci da tsarinsu. Hilux da sabuwar Fortuner da ƙafar baya suke tafiya a H2, sai an sauka kwalta ake sa H4. Mitsubishi Pajero tana da matakai huɗu, 2H da 4H da 4HLc da 4LLc. Biyun farko sun halatta a kwalta, biyun ƙarshe na yashi da taɓo ne.

Tunda kana filin, buɗe gilashi, murɗa sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali, hagu sannan dama. Ƙas-ƙas-ƙas daga gaba gaɓar shaf ce, kuma za ka tarar robarta ta yage, giris ya watsu. Bi ta gargada da gudun 30 zuwa 40 ka ji ko akwai ƙwanƙwasa daga ƙafafu. Gaɓar ƙasan ƙafar gaba ita ce ba a wasa da ita, domin in ta fita, taya kwanciya take yi mota na cikin gudu.

Kujerun baya su ma a gwada su da mutane a kai. Buɗe layi na uku, babba ya shiga ya zauna. Gwiwa takan tashi sama a can, ya fi dacewa da yara, kuma in an buɗe shi wurin kaya kaɗan ke raguwa. Wanda ke can ƙurya ya faɗa maka ko sanyi na isa gare shi. Ja kowane bel da sauri ka ga ya cije, gwada makullin yara a ƙofofin baya, ka kuma lura ko dattijuwa za ta iya hawa ba sai an cicciɓe ta ba. Ƙofar but mai ɗauke da safaya nauyi gare ta. Ɗaga bakinta ka ji ko ta sassauta.

Da kun dawo, bar injin ya yi sulo minti ɗaya ko biyu don turbo ya huce, ka kashe, ka sake tayarwa da zafinsa. Matsar da motar ka duba inda ta tsaya ko akwai ɗigo. Yanzu ne lokacin jona na'urar bincike, domin laifin da aka goge jiya tuƙin nan zai iya dawo da shi. A karanto yadda kwamfuta ke daidaita man kowane nozul, wanda ya yi nisa da 'yan uwansa shi ne mai ciwo. In motar daga Turai ta zo, tambayi ko tana da matatar toka ta DPF a salansa. Gas mai datti da gajeren zirga-zirgar cikin gari suna toshe ta, kuma in an cire ta, a nuna maka an daidaita kwamfutar. Leƙa shasi da tocila saboda tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan ƙasashen ƙanƙara. 1KD da bel yake aiki, ana canza shi a kilomita 150,000, 1GD kuwa sarƙa gare shi. In babu shaidar canjin bel, cire kuɗinsa daga farashi. Sannan ka karɓi takardun kwastan ka gwada lambar da ke cikinsu da wadda aka buga a jikin shasi, harafi bayan harafi.