Yadda Mai Kiwo Zai Kiyaye Bakteriya Masu Amfani a Cikin Dabbobinsa

A tumbin saniya da hanjin kaza akwai bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu amfani, irin su Lactobacillus, waɗanda ke taimaka wa narkewar abinci, suna kuma fitar da sinadari mai tsami da ke hana Salmonella, wata ƙwayar cuta mai haddasa zawo, samun wurin zama.

Idan za a sauya wa dabba abinci, musamman daga ciyawa zuwa dusa da masara lokacin kiwata ragon layya, a yi shi sannu a hankali cikin mako biyu zuwa uku, domin hatsi mai yawa farat ɗaya yana ƙara tsamin tumbi har ya kashe bakteriyar da ke narkar da ciyawa. A nan ne, a ganina, masu kiwo suka fi yin asara.

Garin bakteriya masu amfani da ake saya wa 'yan tsaki kuwa, a ajiye shi wuri mai sanyi, kada a dama shi da ruwan famfo mai kulorin, kada kuma a haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan dabba ta kamu da zawo ya ƙi tsayawa, mazauna Jos su nemi likitan dabbobi, ko su kai samfur cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom.