Babi na Bakwai: Kwantar da Gashi Mai Cika Ba Tare da Ya Karye Ba

Kukan mata da yawa a ajinmu ɗaya ne: gashi ya cika kai, ga tauri, mataji ba ya shiga, in an matsa masa ya kakkarye. Har wasu sun sallama, sun ce irin kansu ba shi da magani sai rilaksa, wato man kanti mai miƙar da gashi. A wannan babi za mu bi hanyoyin da gashi yake laushi ya kwanta, tun daga abin da ke madafa har zuwa na kanti. Ki karanta a tsanake. Duk inda kika ga lamba, ki tsaya ki faɗe ta da baki.

Abin da ke busar da gashinmu

Ciro sili ɗaya daga mataji ki ɗora a kan farar takarda. Dube shi da kyau. Bai miƙe ba, a nannaɗe yake, lanƙwasa na bin lanƙwasa. Fatar kai tana fitar da maiƙo nata na halitta. A gashin da yake miƙaƙƙe, maiƙon nan yana gangarowa har baki. A namu kuwa lanƙwasar tana tare shi, sai ya tsaya a gindi, bakin gashi ya zauna a bushe. Kuma kowace lanƙwasa wurin rauni ce, nan sili yake tsinkewa idan an fizge shi.

Ga kuma yanayin ƙasarmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana tsotse danshin komai, ko a Birnin Kebbi kike ko Argungu ko Kamba. Bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40, kai ya yini yana gumi a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi.

Mai saƙar tabarma ba ta lanƙwasa kaba a bushe, sai ta yayyafa mata ruwa, in ba haka ba ta tsage a hannunta. To haka gashi yake. Ruwa ne yake sa shi laushi. Mai ba ya jiƙa gashi, aikinsa shi ne ya rufe danshin da ruwa ya bari don kada ya fita da wuri. Wadda ta laɓta mai a busasshen kai, sheƙi kawai ta samu, taurin yana nan.

Karanta wannan hira da aka yi a aji:

"Malama, ni wanga kai nawa ba ya jin mataji. Ko jiya sai da haƙoransa biyu sunka karye."

"Inna, a jiƙe kika taje shi ko a bushe?"

"A bushe mana, ɗiyata. Na tsefe, na sa mai, na kama taza."

"Daga ina kika fara?"

"Daga gindi, in ja har ƙasa."

"To Inna, ba laifin kan ba ne. Ki fesa ruwa tukuna, ki raba shi kashi shida, ki warware da yatsu. In mataji zai shiga, ya fara daga baki, yana hawa sannu sannu har gindi."

Wani abu da ke tsorata mata shi ne tulin gashin da suke gani ranar tsifa. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. In kitso ya yi wata guda, duk wanda ya zuba yana maƙale a ciki, ranar tsifa yake fitowa gaba ɗaya. Ki ɗauki kaɗan ki duba. Dogon sili mai ɗan farin ɗigo a gindinsa, wa'adinsa ne ya cika. Guntaye guntaye marasa ɗigo, waɗannan karyewa suka yi, su ne abin damuwa.

Karkashi da man kaɗe

Kakanninmu da karkashi suke wanke kai, kuma har yau yana aikin da man kanti mai tsada yake yi wajen warware gashi. Sirrin yana cikin yauƙinsa. Yauƙin nan yana lulluɓe kowane sili, sai su riƙa zamewa a jikin juna maimakon su sarƙe.

Ki zuba garin karkashi cokali 2 a ruwan ɗumi kofi 2. Ki dama, ki bar shi kamar minti 15 har ya yi yauƙi sosai. Ki tace da tsumma mai tsabta ko rariya mai laushi. Kada ki yi kasalar tacewar nan, don ganyen da ya shige cikin gashi mai cika, sai ki kwana uku kina kakkaɓe shi. Kuma kada ki sa kanwa. Kanwa ta miya ce. A kai tana buɗe bayan sili ta bar shi da kaushi.

Fara wanke fatar kai da sabulun salo ko shamfu, ki cuɗa da tafin yatsu, ba da farce ba. Ki ɗauraye. Sai ki ɗebi ruwan karkashin ki shafa kashi kashi, tun daga gindi har baki. A nan za ki ji bambanci a hannunki: yatsun da ɗazu suke maƙalewa yanzu suna wucewa sulul. Yanzu ne lokacin taza, da mataji mai manyan haƙora. Duk kashin da kika gama, ki murɗe shi ki ajiye gefe don kada ya koma ya cukurkuɗe. Ki ɗauraye da ruwa mai yawa, ki matse da tsohuwar riga mai laushi. Ban da gurzawa da tawul.

Tun kan yana da danshi za ki sa mai. A kudancin jiharmu ta Kebbi, wajen Zuru da Yawuri, kaɗanya tana nan a daji, mata suna haɗa man kaɗe da hannunsu. Ki lakato kamar girman ƙwayar gyaɗa don kashi ɗaya, ki murza a tafin hannu har ya narke, ki shafa, ki fi ba bakin gashi. Man kwakwa da man zaitun da alayyadi duk suna yi. Man shanu ma yana sa laushi, sai dai a bazara warinsa yana tashi da wuri, gara a shafa shi kafin wanki, ya ɗan jima, a wanke.

Ɗaurin zare

A ganina, duk cikin hanyoyin miƙar da gashi babu wadda ta kai zare sauƙin kuɗi da ƙarancin ɓarna. Ba wuta, ba magani, sai haƙuri.

Bayan kin sa mai, gashi da ɗan danshi, ki tsaga kai gida 8 zuwa 12, gwargwadon cikarsa. Ki kama gida ɗaya ki taje shi ya miƙe. Ki ɗora bakin zare a gindi, ki danne da babban yatsa, ki zagaya sau uku ko huɗu don ya kama. Amma ki bar ɗan fili tsakanin zaren da fatar kai, kamar faɗin ɗan yatsa. Daga nan ki ci gaba da naɗawa zuwa ƙasa, ɗaya hannun yana riƙe da gashin a miƙe. In miƙarwa kawai kike so, ba sai zaren ya rufe gashi ruf ba, ki riƙa barin ƙananan tagogi inda iska za ta shiga. Kin isa baki, ki lanƙwasa shi kaɗan, ki naɗe, ki ƙulla. Zaren ulu ko na kitso mai kauri ya fi siririn zaren ɗinki, wanda yake yanka gashi.

Ki bar shi ya bushe sarai, kwana ɗaya ko biyu. Ranar kwancewa ki warware zaren yadda kika naɗa, kada ki zare shi da ƙarfi. Za ki tarar gashin da ya takure bayan wanki ya sauko, ya yi tsawo, mataji yana ratsa shi. A haka makitsiya za ta ji daɗin kama shi, ko shuku za a yi ko kalaba.

Ga gwajin da za ki yi, ko a zare ko a kitso: ɗaga girarki sama. In kin ji fatar goshi tana ja da zafi, an matse da yawa, a sassauta. Mun saba cewa kitso sai da zafi yake kyau, har mace ta sha maganin ciwon kai ta kwanta rub da ciki. Ƙananan ƙurajen da ke fesowa a bakin tsaga gargaɗi ne. Jan da ake yi shekara da shekaru shi yake cinye gashin goshi da na saman kunne, kuma in gindin ya mutu ba man da zai tsiro da shi. Ki gaya wa makitsiya tun kafin ta fara: "Yaya, a bar mini 'yan ƙananan gaban nan, kada a kama su."

Wajen wankan tsarki, dole ruwa ya isa fatar kai. Ki tambayi malamarki ta Islamiyya hukuncin kai mai zare da yawa, sai ki zaɓi lokacin da ya dace da ke.

Jel da ɗaurin kallabi

In kina son gaban kai ya kwanta luf don biki ko suna, ki fesa ruwa, ki shafa jel kaɗan, ki bi da buroshi mai laushi, sannan ki ɗaure da kallabi mai santsi minti 15. Ɗaurin ne yake kwantar da shi, ba yawan jel ba. Kada ki yi ta ƙara sabo a kan tsoho, yana yin fari ya toshe kai. Da dare ki kwana da hular siliki ko satin, don ɗankwalin atamfa yana shanye mai.

Wuta

Akwai diraya, akwai ƙarfen miƙar da gashi na lantarki, akwai matajin ƙarfe da ake ɗorawa a gawayi. Duk suna miƙar da gashi sumul, amma na ɗan lokaci. Da ruwa ya taɓa, ya koma yadda yake. Mu da muke shafar kai a alwala, gaban kai ba ya daɗewa a miƙe, kuma kuskure ne a riƙa bin sa da ƙarfe kullum.

Kada ƙarfe mai zafi ya taɓa jiƙaƙƙen gashi, ruwan da ke cikin sili tafasa yake yi ya fasa shi. In ƙarfen yana da lamba, kada zafinsa ya wuce digiri 180 a ma'aunin Selsiyos (°C). Matajin gawayi ba shi da lamba, sai ki goga shi a farin ƙyalle. In ya bar shaidar ƙuna, ki jira ya huce.

Rilaksa

Nan sai an natsu. Rilaksa iri biyu ce a kasuwa. Ɗaya tana ɗauke da soda, irin wadda masu haɗa sabulu ba sa taɓawa sai da safar hannu. Ɗayar a kwali take zuwa, ana haɗa kirim da wani ruwa kafin a shafa. An ce ta fi sauƙi a fata, amma ita ma tana ƙuna, kuma tana busar da gashi. Dukkansu suna karya ginin sili ne daga ciki. Inda maganin ya taɓa ya miƙe ke nan har abada, kuma ya rage ƙarfi. Sabon tsiro kuwa a nannaɗe zai fito, mahaɗar sabo da tsoho nan ne yake yawan tsinkewa.

Gashi yana ƙaruwa da kamar santimita 1 a wata. Shi ya sa ba a sake shafawa sai an yi aƙalla mako 8, kuma sabon tsiron kaɗai ake shafa wa. Ba a shafawa ranar da aka yi tsifa, ko bayan an sosa kai, ko in akwai ƙurji ko makero. Ba a shafa wa yara. A zagaye goshi da kunne da ƙeya da basilin. A duba mintin da aka rubuta a takardar cikin kwali, a ajiye agogo a gaba. Maganar da ake yi cewa sai ya yi zafi yake kamawa, ƙarya ce. Zafin nan fatarki ce take ƙonewa, ki ce a wanke nan take. A ɗauraye da ruwa mai yawa, sannan a wanke da shamfun da ya zo tare da maganin, don shi yake kashe ƙarfinsa. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 ko fiye, a tafi asibiti.

A shekarar 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon wani bincike a kan mata fiye da 33,000. An gano cewa cikin waɗanda ba sa amfani da magungunan miƙar da gashi, kusan 2 cikin 100 ne ake sa ran za su kamu da ciwon daji na mahaifa kafin shekara 70. Cikin masu shafawa fiye da sau 4 a shekara kuwa, 4 ne cikin 100. Ba a ce duk mai shafawa za ta kamu ba, amma lissafin ya isa ya sa mace ta rage.

Kafin ki biya kuɗin kowane man kai, ki juya robar. Nemi lambar hukumar NAFDAC. Sannan nemi haruffa uku, EXP. Lambobin da ke gabansu su ne ranar lalacewa. In kin ga 03/2027, na farko wata ne, na biyu shekara: watan 3, wato Maris, shekarar 2027.

Aiki

1. An rubuta EXP 11/2026 a jikin roba. Wane wata ne wannan? Rubuta sunansa.
2. Wata mata ta shafa rilaksa ranar 5 ga Janairu. Duba kalanda ki ƙirga mako 8. Wace rana ta kama?
3. Cokali 2 na karkashi yana cin ruwa kofi 2. Ku uku ne za ku wanke kai a gida. Cokali nawa za ki zuba, a ruwa kofi nawa?

Ranar aji mai zuwa kowa ta zo da robar man kan da take amfani da shi, ko da ya ƙare. Za mu karanta abin da ke jikinta tare. Mai zaren ulu a gida ta taho da shi, da mataji mai manyan haƙora, za mu gwada ɗauri biyu biyu.