Yadda na toshe hasken da ke ɓata min fim a kyamarar Baba

Pentax K1000 ce ta mahaifina, samfurin da aka fara ƙerawa a 1976. Da ita na ɗauki hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Gombe, amma da aka wanko fim ɗin sai ga jan zane ya ratsa yawancin hotuna 36 ɗin, har kan dawakai.

Mai wankin na fara zargi, ashe alhakinsa na ɗauka. Da na buɗe murfin baya na shafa gefensa, baƙin soson da ke tare haske ya narke, yana manne wa yatsa kamar kwalta. Ta nan haske ke satar shiga.

Tsinken sakace na riƙa tsomawa a sifirit ina kankarewa a hankali. Labulen shata kuwa, wato wanda ke buɗewa ya bar haske ya kai ga fim idan an ɗauki hoto, sai da na rufe shi da kati tukuna, don siririn yadi ne, ba ya son taɓi. Sannan na cusa baƙin zaren ulu cikin ramin da murfin ke zama, na bar gurbin ɗan ƙarfen da ke mayar da lissafin hotuna farko. Wajen da murfin ke juyawa na liƙa ƙyallen baƙin yadi mai laushi.

Fim na biyu ya fito tsaf, ko ɗigon ja babu.