Kurakuran da ɗalibai ke ta maimaitawa kan gine-ginen Girkawan dā

Shekara bakwai ke nan ina duba takardun ɗalibai kan tsohuwar Girka, kuma kusan duk wanda ya ɗauko batun gine-gine sai ya zurma ramin da ni ma na taɓa zurmawa. Jan birona ya gaji, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Kuskuren da ya ci mini wata uku shi ne ɗaukar haikali a matsayin wurin da jama'a ke taruwa su yi ibada. Ina shekarar ƙarshe a jami'a na rubuta babi guda sukutum kan yadda mutanen Atina ke cika Parthenon, babban haikalin allahiyarsu Athena, ranar biki, har da lissafin mutum nawa zai ɗauka. Ranar kare aikin, wani dattijon malami ya turo mini zanen ginin ya ce, "Malam, nuna mini inda suke yanka." Na ƙura wa takarda ido, gumi na keto mini. Babu wurin. Idon da ya saba da masallaci da coci ne ya yaudare ni, haka na koma na sake babin daga tushe.

Haikalin Girkawa ɗakin gunki ne. Ibadar a waje ake yi, a bagadin da ke fili: a yanka sa, a ƙona ƙashi da kitse, a raba wa jama'a nama. Shi ya sa suka zuba kwalliyar a waje, inda kowa ke gani. A cikin Parthenon kuwa akwai gunkin Athena da mai sassaƙa Phidias ya ƙera da zinariya da hauren giwa, tsayinsa kusan mita 12, kuma an liƙa zinariyar yadda za a iya cire ta. Pericles, jagoran Atina a lokacin, da kansa ya lissafa ta cikin ajiyar da za a taɓa in yaƙi ya matse. Wato rabin aikin ginin na baitulmali ne. Tun daga ranar, duk zanen da aka miƙo mini, bagadi nake fara nema kafin in ƙirga ginshiƙi ko ɗaya.

Na biyu kuma, ku ne kuke ɓata mini rai da shi. Kowa sai ya rubuta "Parthenon alamar dimokuraɗiyya ce", ya ɗiga aya ya wuce. Haba! Wa ya biya? An gina shi daga 447 zuwa 432 kafin Miladiyya, shekaru kaɗan bayan Atina ta kwaso asusun ƙawancen biranen Girka daga tsibirin Delos zuwa gida a 454. Biranen da ke zuba kuɗi don a kare su daga Farisa sun wayi gari suna biyan haraji ga maigida, har a cikin Atina an samu masu cewa Pericles na yi wa birnin ado da dukiyar wasu. Wa kuma ya sassaƙa dutsen? Ku duba lissafin aikin Erechtheion, wani haikali kusa da Parthenon, da aka zana a dutse wajen 408: 'yan ƙasa, baƙi mazauna gari da bayi suna aiki kafaɗa da kafaɗa, kuɗin yini kusan ɗaya ne, dirakma guda (daga nan kalmar dirhami ta samo asali). Sai dai na bawa, ubangidansa ke da iko da shi. In dimokuraɗiyya kuke nema, ku hau tudun Pnyx, inda maza 'yan ƙasa ke zama a fili su ɗaga hannu. Ba rufi, ba ado, mata da bayi kuwa ko kusa.

Ƙananan kurakuran ba sa buƙatar dogon zance. Parthenon ba fari fat yake ba, an shafa ja da shuɗi a sassansa na sama, rana da ruwa suka wanke. Kada ku ce tsufa ne ya rushe Parthenon: albarushin da Turkawa suka ajiye a ciki ne ya tashi a 1687 Miladiyya da sojojin Venice suka harba masa igwa. Ƙubba da baka kuma ku bar wa Rumawa, don Allah.

Akwai kuma masu auna ƙarfin gari da girman dutsensa. Thucydides, masanin tarihi ɗan Atina, ya riga ya gargaɗe su: da Sparta, abokiyar hamayyar Atina, za ta zama kango, na baya ba za su yarda ta taɓa yin ƙarfi ba, Atina kuwa sai a zaci ninkin abin da take ne.

Ni yanzu ba na karɓar takarda sai na ga gida a ciki. Gidajen Olynthus, garin da Sarki Filibus na Makidoniya ya rushe a 348 kafin Miladiyya, tubalin laka ne a kan harsashin dutse, ɗakuna na kallon tsakar gida, bango ya ba titi baya. Ba nisa da ƙofar shiga akwai andron, ɗakin da maigida ke karɓar baƙinsa maza ba tare da sun ratsa cikin gida ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da zaure ba sai an yi masa bayani ba. A daɓen ɗakin za ku ga an ɗan ɗaga gefe-gefe don gadajen kishingiɗa, ƙofar kuma an gusar da ita daga tsakiya don gadajen su jeru ba tare da ɗaya ya tare hanya ba.