Yadda ake haɗa kayan gajeriyar tafiya a jakar hannu kaɗai

Wanda zai yi hutun kwana uku zuwa biyar ta jirgin sama ba ya buƙatar babban akwatin da ake kaiwa rumbun kaya. Jakar hannu ɗaya ta isa. Babu tsayuwar jiran kaya bayan an sauka, babu fargabar akwati ya maƙale a Addis Ababa ko Istanbul alhali mai shi ya isa masauki, kuma a kamfanoni da yawa tikitin da ba shi da kuɗin kaya ya fi araha. Sai dai yawancin mutane damuwarsu ita ce ko kayan za su shiga jakar. Nauyi ne ke kayar da mutum a teburin awo. Ƙaramin akwati yana iya cin kaya kilo 12 zif ya rufu lafiya lau, amma kilo 7 kamfanin ya yarje maka. Don haka aikin nan duk lissafin kilo ne.

Fara da dokar kamfanin da za ka hau

Kafin ka taɓa ko riga ɗaya, buɗe tikitinka ka nemi abu uku: nauyin da aka yarda, girman jaka, da ko an yarda da ƙaramar jaka ta biyu. A kujerun talakawa, Emirates da Qatar Airways da Ethiopian Airlines kilo 7 suke bayarwa, Turkish Airlines da Lufthansa kilo 8. Girman da aka fi gani shi ne santimita 55 a tsawo, 40 a faɗi, 23 a kauri, amma na Qatar Airways 50 da 37 da 25 ne, wato akwatin da ya wuce a wani kamfanin yana iya gazawa a nan. Kamfanonin Turai masu araha irin su Ryanair kuwa, tikitinsu mafi sauƙi jakar da za ta shige ƙarƙashin kujera kawai ya ƙunsa, akwati mai taya sai an biya. Waɗannan dokoki suna sauyawa, abin da ke rubuce a tikitinka shi ne hujja.

Idan jirgi biyu na kamfanoni daban-daban za ka hau, yi aiki da dokar wanda ya fi tsauri. Haka nan duba tikitin dawowa, don ba dole ne ya zama daidai da na tafiya ba.

Ɗauki tef irin na tela ka auna jakar da kanka. Awon ya haɗa da tayoyi da mariƙi da aljihun gaba idan ya kumbura. Masu sayarwa sukan faɗi awon jikin akwatin ne kawai, tayoyin kuma su ƙara santimita huɗu ko biyar. Zif ɗin nan na biyu da ke ƙara wa akwati ciki, ka bar shi a rufe, domin da zarar ka buɗe shi kaurin ya wuce ƙa'ida.

Auna jakar babu komai a ciki

A nan ake asarar da ba a gani. Akwati mai taya huɗu da ƙarfen ja yakan kai kilo biyu da rabi zuwa uku da rabi tun ba a sa komai ba. A kan ƙa'idar kilo 7, kusan rabin rabonka ke nan ya tafi. Jakar goyo mai cin lita 35 zuwa 40 ba ta cika wuce kilo ɗaya da 'yan giram ba, kuma tana lanƙwasuwa ta shiga ma'aunin ƙarfen da ake ajiyewa a bakin ƙofar shiga jirgi. Ga mai lafiyar baya, jakar goyo ta fi. Dattijo ko mai ciwon baya ko uwa mai riƙe da yaro, akwati mai taya ya fi musu, sai a nemi na yadi mai taya biyu, ya fi mai taya huɗu sauƙin nauyi kuma tayoyinsa ba sa fitowa waje sosai.

Sayi ƙaramin sikelin rataye na kaya, ba shi da tsada. In babu, hau sikelin awon mutum kai kaɗai, ka sake hawa rungume da jakar, ka ɗebe nauyinka. Ka tsaya a kilo shida da rabi, saboda sikelin gida da na filin jirgi ba sa cika yin daidai.

Tufafi

Shimfiɗa duk abin da kake son ɗauka a kan gado, ka bi kwanakin tafiyar ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kanka me za ka sa a ranar. Duk abin da amsarsa ita ce "ko da za a buƙata", mayar da shi durowa. Ga misalin kayan namiji na kwana huɗu, da kimanin nauyinsu: kaftani biyu da wandunansu, kilo ɗaya da giram 400, riguna marasa nauyi biyu, giram 400, wando ɗaya mara kauri, giram 400, singileti da gajerun wanduna da safa, giram 400, jallabiyar barci, giram 300, silifas, giram 300, kayan wanka da shafa, giram 500, caja da waya da batirin ajiya, giram 600. Jimla kilo huɗu da giram 300. Ɗora akwati mai kilo biyu da rabi, ka kai kilo shida da giram 800, ba ka sa kwamfuta ba, ba ka bar wa tsaraba wuri ba. Da jakar goyo kuwa kana da rarar fiye da kilo ɗaya da rabi. Lissafin da kansa yake nuna maka jakar da za ka zaɓa.

Duk abin da ya fi nauyi, a jiki ake sa shi ranar tafiya, domin ba a auna abin da ke jikin mutum. Takalmi sau-ciki, wandon jins, rigar sanyi, har babbar riga idan biki za ka. Cikin jirgi da ma da sanyi, rigar za ta yi amfani. Takalmi biyu sun isa: na ƙafarka, da silifas na wanka da alwala.

Ga mata, dabarar tana wajen launi. Abaya ɗaya baƙa ko mai duhu tana tafiya da mayafi uku daban-daban, kowace rana a ga kamar sabuwar shiga, kuma mayafi uku ba su kai nauyin zane ɗaya ba. Leshi mai duwatsu shi ne babban mai cin kilo, idan ya zama dole a tafi da shi to ɗaya tak. Atamfa ɗinkin doguwar riga ta fi riga da zane da ɗankwali sauƙin ɗauka. Jakar kwalliya a rage ta zuwa abin da ake shafawa kullum.

Wanki sau ɗaya a tsakiyar tafiya yana rage kayan ciki da rabi. A wanke da daddare, a matse, a shimfiɗa a kan tawul, a naɗe tawul ɗin a taka shi da ƙafa, sannan a shanya kusa da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Yadi mara kauri yakan bushe kafin safiya. Auduga mai kauri ba ta bushewa a dare ɗaya a gari mai laima kamar Legas ko Accra, kada a dogara da ita.

Naɗi da ninki

Ba kowane tufafi ake naɗewa ba. Riguna masu laushi, singileti, jallabiya, mayafi da hijabi, a naɗe su tamau kamar tabarma, sun fi cin ƙaramin wuri kuma ba sa yin layin ninki. Shadda da duk yadin da aka sa wa sitaci, ninkewa ake yi a kan layin gugarsu, don naɗi yana karya sitacin ya bar tamoji da sai dutsen guga zai fitar. A sa ledar mai wanki tsakanin ninki da ninki, santsinta yana hana yadin cije juna. A ɗora su a sama, su ne na ƙarshen shiga.

Tsarin zubi: masu nauyi a ƙasa wajen tayoyi, ko a jikin bayanka idan jakar goyo ce. Silifas a leda, a jingina da gefe. Naɗaɗɗun kaya a cike ramukan da ke tsakanin ƙarafan mariƙi. Hula kuwa a cusa mata safa ko singileti a ciki har ta cika, a kafa ta a tsakiya kaya su kewaye ta. Idan biyu ne a sa ɗaya cikin ɗaya. Ledar nan da ake zuƙe wa iska tana rage girma ne kawai, ba ta rage ko giram ɗaya, kuma ita ce ke sa mutum ya ƙara kaya don ya ga wuri ya samu.

Ruwa-ruwa

Tun 2006, bayan an bankaɗo wani shirin kai hari da abubuwan fashewa na ruwa a jiragen da ke tashi daga Ingila, aka kafa ƙa'idar da har yau take aiki a yawancin filayen jirgi: kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, kuma dukkansu su shiga leda ɗaya mai haske, mai zif, mai cin lita ɗaya. Wasu filaye masu sababbin na'urori sun sassauta, amma wanda za ka dawo ta cikinsa ba lallai ya sassauta ba, don haka shirya a kan tsohuwar ƙa'idar.

Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Kwalbar turare mai mililita 200 da ta rage kwata za a karɓe ta. Kuma ruwa a wajensu ya haɗa da duk abin da ake shafawa ko matsawa ko fesawa: man goge baki, man shafawa, basilin, man gashi, humra, zuma, man shanu, kwaɓaɓɓen lalle. Hanyar rage su ita ce komawa ga busassu. Sabulun gunduma a maimakon na ruwa, asuwaki tare da ƙaramin man goge baki, turaren mai a 'yar kwalba mai mililita 6 ko 12 wadda za ta yi mako ba ta ƙare ba.

Kwalabe suna yoyo a jirgi saboda matsin iskar ciki yana raguwa idan an yi sama, iskar da ke cikin kwalbar ta kumbura ta turo man waje. Idan roba ce, matse ta iskar ta fita kafin ka rufe. Sannan yanki 'yar leda ka shimfiɗa a bakin kwalbar ka ɗaura murfin a kai. Ledar ruwa-ruwan ta zauna a aljihun waje, inda za ka zaro ta a wurin bincike ba tare da ka zazzage kayanka a gaban jama'a ba. Gorar ruwa a wuce da ita babu komai, a cika a ciki. Tana kuma maye gurbin buta.

Magani na ruwa da abincin jariri an yarda su wuce mililita 100, amma a nuna su ga jami'ai. Kowane magani ya zauna a kwalinsa na asali tare da takardar likita. Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna da tsauri ƙwarai a kan tiramadol da kodin, shiga da su babu takarda yana kai mutum ga kamu.

Batir da abubuwa masu kaifi

Batirin ajiya na cajin waya a hannu kawai ake ɗaukarsa, ba a yarda ya shiga rumbun kaya ba, domin idan ya kama wuta a can babu mai kashewa. Iyakar da ba ta buƙatar izini ita ce 100 Wh, wato ma'aunin yawan wutar da batirin ke ɗauka. Idan mAh ne kawai a rubuce a jikinsa, ninka da 3.7 ka raba da 1,000: mai 20,000 ya zama 74, an yarda da shi, mai 30,000 ya zama 111, sai da izinin kamfani. Wanda rubutun jikinsa ya goge, jami'i yana iya karɓe shi don ba shi da hanyar tantancewa. Tun bayan gobarar da ta cinye wani jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairun 2025, kamfanoni da dama sun hana amfani da shi a cikin jirgi, wasu kuma sun ce a ajiye shi kusa da jiki, ba a ma'ajiyar sama ba.

Caja ɗaya mai baki biyu ko uku ta wadatar. Soket ɗin Najeriya iri ɗaya ne da na Ingila, Ghana, Saudiyya da Dubai. Nijar, Masar, Turkiyya da yawancin Turai mai ƙafa biyu zagayayyu suke amfani da shi, sai da adafta.

Reza tsirara da wuƙa kowace iri ba sa wucewa. Abin aski na roba mai rufaffiyar reza yana wucewa. Almakashi, a Turai an yarda da wanda bakinsa bai wuce santimita 6 ba, amma wasu filayen suna karɓe kowane iri, barinsa a gida ya fi.

Kilishi da dambun nama: Tarayyar Turai da Ingila da Amurka sun hana matafiyi shiga da nama daga ƙasashenmu, ko a hannu ko a akwati.

A bakin ƙofar jirgi

Ko jakarka ta cika ƙa'ida, ana iya karɓarta a kai rumbu idan jirgin ya cika, ko idan ƙarami ne irin Embraer 145 ko Dash 8 da ma'ajiyarsu ba ta cin akwati. Shi ya sa ake haɗa wata 'yar jaka a can sama: fasfo, katin rigakafin shawara, kuɗi, magani, batir, caja, kwamfuta. In an ce kawo jaka, ka zare wannan ka miƙa sauran. Masu shiga da wuri su ne ke samun wuri a sama, don haka kada ka zauna sai layi ya ƙare.

Dawowa

Kaya masu datti ba sa ninkuwa kamar gogaggu, kuma ga tsaraba. Bar aƙalla kilo ɗaya tun daga gida, ka tafi da sikelin ratayen ka auna a masauki daren dawowa. Zaɓi tsaraba mara nauyi kuma busasshiya: hula, mayafi, carbi, turaren wuta. Turaren da ka saya a shagunan cikin filin jirgi bayan bincike yana iya wuce mililita 100, amma idan za ka canza jirgi, ya zauna cikin ledarsa da aka liƙe da rasit a ciki, in ka ɓalle ta za a karɓe shi a binciken gaba. Idan ka ga tsarabar ta fi ƙarfin jakar, sayi kuɗin kaya ta intanet kafin ka bar masauki, don farashin teburin filin jirgi ya fi tsada, na bakin ƙofa kuma ya fi duka.