Yadda ake shirya bindiga don farautar talotalon daji a Amurka, da maganar zanen kamo

Duk shekara da zarar watan Maris ya kama, 'yan'uwanmu mazauna Amurka waɗanda farauta ta fara shiga ransu sai su taso da tambaya guda, wai dole ne sai da bindiga mai zanen ganye-ganyen nan da ake ce wa kamo kafin mutum ya samu talotalon daji? A'a, ba dole ba ne. Shi tsuntsun nan babu ruwansa da ko an zana ganye a jikin bindigarka ko ba a zana ba, abu biyu ne ke korarsa, ƙyalli da motsi, kuma motsin ya fi ɓarna nesa ba kusa ba. Na sha ganin sabon shiga ya zuba kuɗi ya sayo bindiga mai kamo tun daga baki har gindi, ya samu gindin bishiya ya zauna tsaf, talotalo na bayyana sai ya ɗaga ta a gaggauce, shi ke nan sai dai ya bi shi da ido.

Maganar lasisi da kwas ɗin koyon farauta ba zan tsaya a kai ba, kowace jiha da tata dokar kuma duk suna shafin hukumar namun daji ta jihar. Abin da za ka riƙe kawai shi ne farautar da ake yi tsakanin Afrilu da Mayu a yawancin jihohi ta mai gemu ce, wato namiji, wanda wani dogon gashi ke reto a ƙirjinsa.

Fara da sanin idon abin da kake nema. Idanun talotalo a gefen kai suke, yana tsaye wuri ɗaya yana ganin kusan digiri 270, ya ɗan karkata wuya ya ga bayansa gaba ɗaya. Yana bambance launi sosai. Hancinsa kam ba ya aiki kamar na barewa, saboda haka manta da zancen iska da turaren ɓoye wari da 'yan shago za su so su haɗa maka da shi, asarar kuɗi ce. Ka kuma tuna cewa Mossy Oak da Realtree, kamfanonin da zanensu ya cika kasuwa yanzu, a 1986 aka kafa su, ita kuwa bindigar Remington 870 tun 1950 take hannun mafarauta da baƙin bututunta da katakonta, kuma talotalon da aka ci da ita kafin a fara yi wa bindiga zane Allah kaɗai ya san iyakarsu.

To abu na farko da za ka yi, ka cire harsashi, ka tabbatar babu komai a ciki, ka fita da bindigar bayan gida da hantsi inda maƙwabta ba za su gani su tsorata ba. Jingina ta a jikin wani abu, ka ja baya kamar taku talatin, ka durƙusa har idonka ya yi daidai da tsayin tsuntsu, ka zagaya a hankali kana kallo. Duk inda ya walƙa maka ido to nan ne aikinka. Yawanci za ka tarar saman bututu ne, da gefen da kwanson harsashi ke fita, da ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a baki don matse harsashi, cok kenan, musamman in fari ne ya leƙo waje, sai katakon da aka shafa wa banish mai sheƙi. In bindigarka baƙa ce irin marar sheƙin nan mai jikin roba, wallahi ka gama, kada ka ƙara mata komai, goge man da ka lafta mata kawai da busasshen tsumma don man ma yana ƙyalli.

In kuwa tana sheƙi, ni dai abin da nake cewa kowa ya saya shi ne tef ɗin yadi mai kama kansa da kansa, wanda ba shi da gam, irin bandejin asibiti amma mai launin daji. Naɗi ɗaya bai kai dala 20 ba kuma yana isar bututu da ɗan saura. Ka fara daga kusa da baki ka riƙa naɗowa baya, kowane zagaye ya hau rabin na gabansa. A nan mutane ke kwafsawa, su naɗe komai har da wurin da bai kamata ba. Kada ka rufe ɗan ƙwallon saiti da ke saman baki, kada ka rufe ƙofar fitar kwanso ko maɓallin kulle kunama, in kuma mai famfo ce, wato wadda ake jan hannun gabanta don ɗura harsashi, ka bar hanyar da hannun gaba ke zirga-zirga a buɗe, ka ja ta gaba da baya sau da yawa ka ji ba ta cijewa. Akwai wanda na gani ya yi naɗi mai kyau kamar a shago, harbin farko ya fita, ya zo jan famfo tef ya tattare ya cushe a ciki, yana ta kokawa da ita tsuntsu ya shige ƙurmi. Salatif mai gam kuma ka rabu da shi, in rana ta buge shi gam ɗin narkewa yake ya bar maka danƙo a jikin ƙarfe. Fenti na feshi yana aiki kuma ya fi komai arha, sai dai ranar da ka tashi sayar da bindigar za ka ji a jikinka, don haka sai in tsohuwa ce da ba ka damu da ita ba.

Wadda aka yi wa kamo daga kamfani fa? Ba na kushe ta, amfaninta na gaskiya shi ne rufin yana kare ƙarfe daga raɓa da tsatsa, in kuɗin da aka ɗora a kai bai dame ka ba saya. Ka dai kiyaye maganin sauro mai DEET, in ya taɓa rufin yana cinye shi, za ka ga shatin yatsunka ya fito a inda kake riƙewa. Kuma kada ka ajiye ta a cikin busassun ganye ka tafi ɗauko tsuntsu, mutane da yawa sun yi yawon neman bindigarsu a haka.

Kuɗin da ka rage ka sa su a fuska da hannu. Abin rufe fuska mai raga da safar hannu sun fi kamon bindiga amfani sau goma, don hannu ne ke motsi kuma fuska ce ke juyawa. Agogo a aljihu. Ja da fari da shuɗi kuwa ko a safar ƙafa kada su leƙo, launin kan namijin talotalo kenan, kuma akwai wani maharbin a dajin da ba ka san da shi ba.

Kafin ranar fita ka je filin gwaji da manyan takardu. Zana da'ira mai faɗin inci 10, ka ja baya yadi 40, ka harba daga zaune kamar yadda za ka zauna a daji. Ma'aunin da mafarautan can ke bi shi ne ƙwayoyin harsashi 100 a cikin da'irar, in ba ka samu ba ka matso har inda za ka samu, nan ne iyakarka. Ka kuma gwada a yadi 15 ka gani da idonka yadda harsashin ke tafiya a dunƙule, faɗinsa da kyar ya wuce tafin hannu, shi ya sa ake kuskuren tsuntsun da ke kusa fiye da yadda mutum zai zata. Harsashin dalma mai lamba 4 ko 5 ko 6 ya isa. TSS ɗin da kowa ke yabo, wato harsashin ƙarfen tungsten, yana da kyau, ya fi dalma nauyi, amma tsadarsa sai ka ji kamar ka yi kuka duk harbi ɗaya.

Yanzu ga wurin da nake so ka natsu, don a nan ake rasa tsuntsu. Ka samu bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi ka jingina, inuwa a kanka, rana a bayanka in da hali. Share ganyen da ke ƙarƙashinka tun kafin gari ya waye. In da dama kake harbi, kafaɗarka ta hagu ce za ta fuskanci inda kake tsammanin zai ɓullo, saboda juyawa hagu tana da sauƙi, juyawa dama kuwa sai ka motsa jiki gaba ɗaya. Tada gwiwar hagu ka ɗora bindigar a kai, gindinta a kafaɗa. Tun yana nesa, tun kana jin kukansa ba ka ganinsa, bindigar ta riga ta hau gwiwa tana kallon wajen. Sabon shiga sai ya kwantar da ita a cinya yana ta kaɗa akwatin kira, wato ɗan akwatin da ke kwaikwayon kukan macen talotalo, wai sai ya ga tsuntsu zai ɗauka, to ai lokacin da ka gan shi ya daɗe da fara duba wurin da kukan macen ke fitowa, kuma ya san gindin bishiyar daidai. Da ka ji ya matso ka ajiye akwatin kiran, ka yi shiru, in ka iya abin kiran da ake sawa a baki ka yi amfani da shi.

In ya ɓullo ta inda ba ka zata ba, kada ka bi shi da bakin bindiga. Daskare. Sauro zai cije ka, ƙafa za ta yi sanyi, hannu zai fara rawa, ka haƙura. Dama biyu kake jira, ko kansa ya shiga bayan wata bishiya mai kauri, ko ya baje jela yana taƙama ya juya maka baya, jelar ta tare masa ido. A wannan ɗan lokacin za ka gyara saiti, a hankali, ka sake tsayawa cak. Wanda ya taɓa ganin maharbin burtu a gida ya san wannan, kan tsuntsun da ya ɗaura a goshi ba shi kaɗai ke ruɗin dabba ba, yadda yake rarrafe yana tsayawa ne. Amma fa kada ka ce za ka yi rarrafen a can, a Pennsylvania ma doka ta hana bin sawun talotalo a wannan lokaci sai dai ka zauna ka kira, a sauran wurare kuma hanyar shan harbi ce. In ka hango wani maharbi ka yi masa magana da ƙarfi, kada ka ɗaga hannu.

In ka ga ya miƙe wuya sama yana wani ɗan kuka gajere a jere yana gyara fiffike, ya gan ka kenan, in yana cikin iyakarka kuma bindiga na kansa harba, in ba haka ba bar shi ya tafi, gobe ma rana ce. Kada ka harbe shi yana cikin taƙama kai a noƙe, yi ɗan kira ɗaya ya ɗago. Saiti a tsakiyar wuya inda fata ta haɗu da gashi, kumatu manne da katako har harsashi ya fita.

Sauran mai sauƙi ne. Kulle kunama, tashi ka isa wurinsa ka kula da ƙafafun don ƙayar da ke bayansu tana yanka, in da sauran rai ka yi bismilla ka yanka, ka cike alamar lasisi ka kai rahoto yadda jiharka ta ce. Kana isa gida ka warware tef ɗin nan, musamman in an yi ruwa ko raɓa ta yi yawa, ka shanya shi, ka goge bututun da mai, don in ka bar shi a jiƙe kwana biyu tsatsa za ka tarar a ƙarƙashi. Ka kuma duba jikinka da kyau saboda kaska, musamman a jihohin arewa maso gabas inda cutar Lyme ta yi yawa.