Ga masu fita ƙidayar tsuntsaye a Amurum

Salamu alaikum 'yan uwa ɗalibai. Duk mai shiga dajin Amurum da ke Laminga, kusa da Jos, ya bar biro a ɗaki ya ɗauki fensir. Ni raɓa ta taɓa jiƙa min littafi, tawada ta baje, ƙidayar kwana uku ta bi ruwa.

Ku fita da an idar da Asuba, rana na ɗagawa tsuntsaye sai su yi tsit. Kowane shafi a fara da kwanan wata, lokaci, wuri da yanayin gari. Wanda ba ku gane ba, kar ku ƙaƙaba masa suna, ku zana bakinsa, ku rubuta launin fiffikensa. Farar riga kuwa a ajiye ta sai Juma'a, daga nesa suke hango ta.